Kwamfuta ta ƙi tashi bayan harhaɗa sabon kanel: a ina gizo ke saƙar?

Mutum ya sauko da kanel ɗin Linux, wato zuciyar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, daga kernel.org, ya kwashe awa biyu ko uku yana harhaɗa shi, ya girka, ya sake kunna kwamfuta, sai ta tsaya cak. Ko dai baƙin allo, ko layukan Turanci sun cika fuskarta ba motsi. Shin ta lalace ke nan? Fayilolin da ke ciki sun salwanta? Dole ne sai an yi mata fomat?

Na ƙara jin wannan tambaya tun bayan 14 ga Oktoba, 2025, ranar da Microsoft ya daina kula da Windows 10. Yawancin laftof ɗin da ke hannunmu na hannu ne, kuma da yawa ba su cika sharuɗɗan Windows 11 ba, sai masu su suka koma nau'o'in Linux irin su Ubuntu da Linux Mint da Fedora. Duk wanda ya zauna da Linux na ɗan lokaci kuwa, musamman ɗalibin kimiyyar kwamfuta, watarana sai zuciyarsa ta raya masa ya harhaɗa kanel da hannunsa.

Haka ta faru da wani ƙanina. Ya shigo mini bayan isha'i riƙe da laftof a buɗe, ya ce, "Yaya, ta mutu. Da safe zan kai a yi mata fomat." Aikinsa na ƙarshen zango yana ciki, ba shi da kwafi ko'ina. Fitilar Caps Lock tana ta ƙiftawa ita kaɗai, a ƙasan allon kuma an rubuta:

Kernel panic - not syncing: VFS: Unable to mount root fs on unknown-block(0,0)

Na kashe na kunna. Da jerin GRUB, manhajar da ke ba ka zaɓin kanel ɗin da za a tayar, ya fito na hana shi danna layin farko, na shiga "Advanced options for Ubuntu", na zaɓi tsohon kanel 6.8 da Ubuntu 24.04 ya zo da shi. Ta tashi lafiya lau, fayil ko ɗaya bai yi ciwon kai ba. Ashe sau biyar yana kunnawa, kullum layin farko yake dannawa, shi kuma GRUB kanel mafi girman lamba yake ɗorawa a sama, wato wanda ya ƙi tashin. Idan naka jerin bai fito ba, riƙe Shift a tsohuwar na'ura mai BIOS, ko ka danna Esc a sabuwa mai UEFI, daidai lokacin da tambarin kamfani ya ɓace.

## Mene ne kanel, me ake nufi da harhaɗa shi?

Kanel shi ne ɓangaren manhaja da ke tsaye tsakanin ƙarfen na'ura da sauran manhajoji. Shi ke magana da faifan ajiya da allo da kibod da katin Wi-Fi, shi ke raba wa kowa ƙwaƙwalwa da lokacin aiki. Linus Torvalds ya fara rubuta na Linux a 1991 yana ɗalibi a Jami'ar Helsinki, yau layukan rubutunsa sun haura miliyan 30. Idan kuskure ya auku a wannan mataki, babu wani na sama da zai tare shi. Duniya ta ga misali ranar 19 ga Yuli, 2024, lokacin da wani gurɓataccen fayil na CrowdStrike ya hana na'urorin Windows kimanin miliyan 8.5 tashi. Ko a can ɗin ma bayanan mutane suna nan daram, fayil guda aka riƙa gogewa na'ura ta dawo.

Ubuntu da Fedora da Debian kowanne yana zuwa da kanel da aka riga aka harhaɗa, an cusa masa direban kusan kowace irin na'ura. Harhaɗawa da kanka shi ne ka ɗauki rubutun asali ka juya shi zuwa abin da na'ura ke ganewa, bisa zaɓin da ke cikin wani fayil mai suna `.config`. Zaɓuɓɓukan sun haura 10,000, kuma akasarin direbobi amsa uku suke karɓa: y, a gina shi cikin jikin kanel, m, a ajiye shi gefe a matsayin modul, a ɗauko in an buƙata, n, a bar shi. Mafi yawan rigimar da ke tafe daga haruffan nan uku take fitowa.

## Hannu nawa kwanon ke bi?

Duk wanda ya taɓa tsayawa wurin zuba dakin ya ga yadda leburori ke jeruwa, kwanon kankare na bin hannu zuwa hannu har ya kai sama. Tashin kwamfuta haka yake. Famwayar da ke manne a jikin na'ura, wato BIOS ko UEFI, ita ke fara farkawa ta kira GRUB. GRUB ya ɗebo fayiloli biyu daga `/boot` ya zuba a ƙwaƙwalwa: kanel ɗin kansa, mai suna vmlinuz, da wani ƙunshi mai suna initramfs. Kanel ya kwance ƙunshin, ya sami 'yan direbobi da kayan aikin da zai nemo babban faifai da su. In ya same shi ya buɗe, sai ya miƙa ragama ga systemd, shi kuma ya tayar da sauran har ka ga wurin sa kalmar sirri.

Gyara ba ya yiwuwa sai ka san a hannun wa kwanon ya faɗi, kuma rubutun ƙarshe da ke kan allo shi ke faɗa. Matsalar ita ce yawancin nau'o'in Linux suna rufe rubutun da tambari. A jerin GRUB ka haska sabon kanel, ka danna e, ka nemi layin da ya fara da `linux`, ka goge kalmomin `quiet splash`, ka danna Ctrl da X. Sauyin na wannan tashin ne kawai, ba ya zama. Inda ta tsaya, ɗauki hoton allon da wayarka kafin ka taɓa komai.

## Makulli a cikin ɗakin da aka kulle

Nan ne mafi yawan mutane ke faɗawa, shi ya sa zan daɗe a kai.

Modul-modul suna zaune ne a `/lib/modules`, a kan babban faifai. To ka ɗauka direban da ke karanta faifan nan, misali na NVMe ko na SATA, ka sa masa m. Kanel na buƙatar direban kafin ya buɗe faifai, direban kuma yana cikin faifan. An kulle ɗaki da makulli a ciki. Haka nan idan direban tsarin ajiyar fayil ne, ext4 ko Btrfs ko XFS, ya zama modul.

Mafita biyu ce. Ko ka sa wa waɗannan direbobi y su shiga jikin kanel, ko ka bar su m amma ka tabbatar akwai initramfs da ke ɗauke da kwafinsu. Aikin initramfs ke nan tun asali, shi ne makullin da aka bar wa maƙwabci. Wanda kuwa ya kulle faifansa da kalmar sirri ta LUKS ko yake amfani da LVM wajen rarraba shi, kusan ba shi da zaɓi sai initramfs, domin kayan da ke buɗe waɗannan ba a cikin kanel kaɗai suke ba.

Lambobin da ke ƙarshen saƙon firgicin, wato "Kernel panic" ɗin nan, suna da magana, mutane ne ba sa saurara. Idan ka ga unknown-block(0,0), kanel bai ga faifan ba sam, ko bai gane sunan da aka ba shi ba. Ka nemi matsalar a direban faifai, ko a ɓacewar initramfs, ko a abin da aka rubuta bayan `root=`. Idan kuwa ka ga wasu lambobi, kamar 8 da 2, ko 259 da 2, faifan ya samu: 8 na faifan da ake kira sda ne da 'yan'uwansa, 259 kuma NVMe aka fi gani da ita. A nan abin da ya rasa shi ne yadda zai karanta abin da ke ciki, wato direban ext4 ko makamancinsa.

Yaya za ka san direban da na'urarka ke buƙata? Kada ka yi canke. Koma tsohon kanel mai aiki ka tambaye shi. `lspci -k` zai nuna kowane ƙarfe da direban da ke riƙe da shi, `findmnt /` kuma zai faɗi faifan da tsarin ajiyarsa. Sannan ka duba `.config` ɗinka: `CONFIG_BLK_DEV_NVME`, `CONFIG_SATA_AHCI`, `CONFIG_EXT4_FS`, `CONFIG_BLK_DEV_INITRD`, `CONFIG_DEVTMPFS`. Masu laftof mai Intel na ƙarni na 11 zuwa sama su ƙara da `CONFIG_VMD`, domin a da yawansu faifan NVMe yana ɓoye ne a bayan VMD, in babu direbansa ko ka sa wa NVMe y ba za a ga faifan ba. Mai gwaji a na'urar kwaikwayo, wato virtual machine, kuma direbobin virtio yake buƙata.

Akwai wani tarko da ya fi duka cin mutane masu ƙwazo. Mutum ya sa wa komai y, ya ce ba ya son initramfs, amma layin GRUB ɗinsa na cewa `root=UUID=` da wata doguwar lamba. Kanel shi kaɗai bai san wannan UUID ba, domin lambar tsarin ajiyar fayil ce, kayan cikin initramfs ne ke fassara ta. Abin da kanel ke ganewa da kansa shi ne `root=PARTUUID=` ko suna kai tsaye irin `/dev/nvme0n1p2`. Lambobin biyu sun yi kama a ido, `blkid` zai nuna maka kowacce daban.

Wani lokaci initramfs ɗin yana nan amma gurgu ne. Dalilan da na fi gani su ne waɗannan. An gudanar da `make install` kafin `make modules_install`, sai aka ɗaure ƙunshin alhali modul-modul ba su iso ba. Ko an matse shi da zstd amma kanel ba shi da `CONFIG_RD_ZSTD`, sai ka ga "Initramfs unpacking failed". Ko wuri ya ƙare a `/boot`. Ko an ɗauke wuta ana tsakiyar rubuta shi, batirin laftof kuma ya riga ya gaji, abin da ba baƙo ba ne a wurinmu. Maganin duka ɗaya ne: daga tsohon kanel ka sake gina shi, da `update-initramfs` a Debian da Ubuntu, `dracut` a Fedora, `mkinitcpio` a Arch, sannan ka sabunta GRUB.

Idan kuwa ta jefa ka wani baƙin allo mai cewa BusyBox, da kalmar initramfs a cikin baka tana jiran ka yi rubutu, ka gode wa Allah, kanel ɗinka na raye. Rubuta `cat /proc/partitions` ka ga faifan da ya gani, `cat /proc/cmdline` ka ga wanda aka ce ya nemo. Sau da yawa da ka jera biyun za ka ga inda suka saɓa.

## Baƙin allo ba shi ne mutuwa ba

Wani sa'in ba rubutu ko ɗaya. Danna Caps Lock. In fitilar ta kunnu ta mutu bisa dannawarka, kanel na aiki, allon ne kawai bai sami mai zana masa ba. In tana ƙiftawa da kanta, firgici ne, kana dai rasa ganin saƙon.

Na farkon yakan faru idan an cire `CONFIG_FRAMEBUFFER_CONSOLE`, ko babu efifb babu simpledrm da za su riƙe allon kafin babban direban hoto ya iso. A nan ne kuma wanda ya ɗauki darasin "sa wa komai y" yake gamuwa da kishiyarsa. Direbobi irin amdgpu na katin hoton AMD da iwlwifi na Wi-Fi ɗin Intel suna buƙatar fayilolin famwaya daga `/lib/firmware`. In ka gina su cikin jikin kanel, suna farkawa tun kafin a buɗe faifai, su nemi fayil su rasa. Waɗannan m ya fi dacewa da su, sai dai in ka cusa famwayar ta `CONFIG_EXTRA_FIRMWARE` ko cikin initramfs. Masu katin Nvidia da direban kamfanin kuwa, nasu modul ɗin a waje yake, dole DKMS, manhajar da ke gina modul-modul na waje, ya sake gina shi don sabon kanel, kuma yakan gaza idan kanel ɗin ya fi direban sabunta.

Ƙara `nomodeset` a layin GRUB yakan ba ka allo na wucin gadi. Bayan ka koma tsohon kanel, `journalctl -k -b -1` zai karanto maka abin da kanel ya faɗa a tashin da ya gabata, muddin tafiyar ta kai inda aka fara ajiye rahoto a faifai.

## Secure Boot: a kashe ko a sa hannu?

Idan GRUB da kansa ya ce "bad shim signature", ya bi da "you need to load the kernel first", kada ka wahalar da kanka da `.config`. Ba a ma bar kanel ɗin ya fara ba. Secure Boot ya yaɗu ne da zuwan Windows 8 a 2012, ƙa'idarsa kuma ita ce famwaya ba ta tayar da komai sai mai sa hannun da ta amince da shi. Linux na shiga ta wata 'yar manhaja mai suna shim da Microsoft ya sa wa hannu, ita kuma ta amince da kanel ɗin Ubuntu ko Fedora. Naka da ka harhaɗa a ɗaki ba wanda ya san shi. `mokutil --sb-state` zai faɗa maka ko a kunne yake.

Masu harkar sun rabu biyu. Wasu na cewa ka shiga saitin famwaya ka kashe shi, na'urarka ce, bai kamata sai wani kamfani ya yarje maka ba. Suna kafa hujja da abin da ya faru a Agustan 2024, lokacin da wani sabuntawar Windows ya hana Linux tashi a na'urori da dama masu ɗauke da tsarin biyu. Wasu kuma na cewa kariya ce daga muguwar manhajar da ke laɓewa tun kafin kanel ya tashi, don haka ka ƙirƙiri makullinka, ka shigar da shi da `mokutil --import`, ka tabbatar a shuɗin allon da zai fito a tashi na gaba, sannan ka sa wa kanel hannu da `sbsign`.

Ni a ganina, na'urar gwaji da ba ta ɗauke da sirrin kowa a kashe kawai. Laftof ɗin da kake shiga banki da shi kuwa ya cancanci wahalar rabin awa ta sa hannu. Abin da nake roƙon kowa: in akwai Windows mai BitLocker, wato makullin faifai na Windows, a gefe, nemo lambar cetonsa mai lambobi 48 ka rubuta a takarda kafin ka taɓa Secure Boot, domin sauyin na iya sa ya nemi lambar. A nan ne ake asarar bayanai ta gaske.

## Idan tsohon kanel ɗin ma babu

Wanda ya goge tsohon, ko ya rubuta sabo a kansa, filash zai nema mai ɗauke da Linux. Ka tashi daga filash ɗin, ka ɗaura babban faifai a `/mnt`, ka ɗaura `/boot` da yankin EFI, wato ɗan yankin faifai da UEFI ke tashi daga gare shi, a gurabensu in daban suke, ka haɗa `/dev` da `/proc` da `/sys` da `mount --bind`, sannan `chroot /mnt`. Daga nan tamkar kana cikin na'urarka ne: sake girka kanel ɗin hukuma, wato wanda Ubuntu ko Fedora ya zo da shi, da apt ko dnf, gina initramfs, sabunta GRUB. Kafin komai dai, kwashe muhimman fayilolinka zuwa wani wuri tunda ga su a buɗe.

## Daga wane saiti ya kamata a fara?

A nan ma akwai saɓani. Masu son siririn kanel suna farawa da `make defconfig` ko `make localmodconfig`, harhaɗawa ta yi sauri, wanda ba ƙaramin abu ba ne ga mai tsohuwar na'ura da wutar da ba ta da tabbas. Sai dai localmodconfig modul ɗin da ke aiki a daidai wannan lokaci kawai yake bari. Duk abin da ba ka jona ba tun da ka kunna, filash ne ko firinta ko waya, direbansa na iya tafiya. Mai yanke-yanke da hannu kuma in ya cire vfat, ɗaura yankin EFI zai gaza, systemd ya tsaya a yanayin gaggawa alhali kanel lafiyarsa ƙalau.

Ɗaya ɓangaren na cewa ka kwafi saitin da ke `/boot` na kanel mai aiki, ka gudanar da `make olddefconfig`, ka tabbatar ya tashi, sannan ka riƙa ragewa kaɗan-kaɗan. Ga mai farawa, wannan nake goyon baya. In ka sauya abu 200 lokaci guda ta ƙi tashi, ba ka san wanne ne ba; in biyar ka sauya, ka sani. Ka ba kanel ɗinka suna ta `CONFIG_LOCALVERSION` don kada ya hau kan wani, kuma a Debian da Ubuntu ka yi amfani da `make bindeb-pkg`, cirewa za ta zo da sauƙi. In saitin bai sauya ba amma sabon fitowa ya ƙi tashi inda na baya ya tashi, wataƙila kuskuren na kanel ɗin ne, `git bisect` kuma yakan gano sauyin da ya jawo shi cikin gwaji kamar 14.

Akwai nauyin da ba a cika faɗa wa mutane ba. Kanel na hukuma yana samun gyaran tsaro ta sabuntawar yau da kullum. Naka ba mai gyara maka shi, kai ne za ka riƙa bibiya kana sake harhaɗawa. Don haka mai shago ko ofis da aiki kawai yake so ya zauna a kan na hukuma. Masu gyara kuma, don Allah, in an kawo muku na'ura mai wannan saƙo, ku buɗe jerin GRUB kafin ku ɗauko filash ɗin fomat.

Na ƙanina, da muka shiga ta tsohon kanel, `df -h /boot` ya nuna yankin ya cika maƙil. Saitin Ubuntu ya kwafa, mai ɗauke da bayanan bin diddigin kuskure, modul-modul suka kumbura, initramfs ya kasa shiga. Saƙon "No space left on device" ya wuce cikin dubban layuka bai lura ba, ya sabunta GRUB, aka jera sabon kanel ba layin `initrd` a ƙarƙashinsa. Muka share tarkacen, muka sake `make modules_install` tare da `INSTALL_MOD_STRIP=1`, muka gina initramfs, muka sabunta GRUB, na sa shi ya danna e ya ga layin `initrd` da idonsa kafin ya tayar. Da ta tashi ya rubuta `uname -r`, ga 6.12 da sunan da ya raɗa masa a ƙarshe. Na ce ya kwafe aikin zangon a filash a daren, 6.8 kuma ya bar shi a jerin.